Saurayin da bugun kiɗa ya gagara: nazarin wani lamari daga Montiriyal

A birnin Montiriyal na ƙasar Kanada akwai cibiyar bincike mai suna BRAMS, wadda Isabelle Peretz da Robert Zatorre suka kafa a 2005 don nazarin alaƙar ƙwaƙwalwa da sauti da kiɗa. Masu bincike a can sun taɓa yin cigiyar mutanen da ke ganin ba sa iya bin bugun kiɗa, irin waɗanda in ana tafi a taro nasu tafin daban yake faɗowa. Mutane sun amsa kira. Da aka auna su, mutum ɗaya ne matsalarsa ta fito fili ba tantama: wani ɗalibin jami'a ɗan shekara 23. A 2011 Jessica Phillips-Silver da abokan aikinta suka wallafa bayaninsa a mujallar Neuropsychologia, kuma shi ne mutum na farko da aka rubuta cikakken rahoto a kansa da wannan larura, wadda ake kira kurumtar bugu.

Saurayin ba kurma ba ne. Ba shi da tarihin rauni a kai ko ciwon jijiya, hankalinsa garau, karatunsa na tafiya. Yana son kiɗa, har ya taɓa shiga darasin kiɗa da na rawa. An yi masa gwajin da cibiyar ta saba yi wa masu amusiya, wato waɗanda aka haifa ba sa bambance hawa da saukar sauti, ya ci sassan da suka shafi karin waƙa lafiya lau. Inda ya yi tuntuɓe shi ne sashen da ake tambayar mutum ko kiɗan da ya ji mai tafiya bibbiyu ne ko uku-uku.

Yadda aka gwada shi

Gwajin ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Aka ɗaura masa rimot ɗin wasan Nintendo Wii a jiki, saboda a cikinsa akwai na'urar auna motsi, aka ce ya riƙa lanƙwasa gwiwa yana miƙewa daidai da bugun wata waƙar rawa ta merenge, mai gudun kusan bugu biyu a sakan ɗaya. Mutum 33 aka sa suka yi irin wannan don a kwatanta. Su sun hau bugun suka zauna a kai. Shi kuwa yana sauka yana tashi, amma motsinsa da kiɗan kowa hanyarsa daban.

Sai aka fara sauya yanayin gwajin, kuma a nan lamarin ya fara ma'ana. Da aka ce ya yi motsin babu kiɗa, ya yi shi a jere, tazara daidai. Ke nan ƙafa da gwiwa ba su da laifi. Da aka kunna masa metironom, na'urar nan da ke buga ƙas-ƙas a tazara ɗaya, ya bi ta. Da wani ya tsaya gabansa yana motsin daidai da kiɗan, ya kwaikwaye shi ya dace. Da aka bar shi shi kaɗai, ya koma gidan jiya. An gwada shi da wasu nau'o'in kiɗa, da yawansu suka gagare shi. An kuma nuna masa bidiyon mai rawa, wani lokaci hoto da sauti a haɗe, wani lokaci an goce su da gangan, aka ce ya faɗi wanne ne daidai. Nan ma bai kai sauran mutane ba, alhali yana zaune ne, ba a nemi ya motsa ko yatsa ba.

Wannan gwaji na ƙarshe, a ganina, ya fi sauran nauyi. Da matsalar ta tsaya ga rawa, da sai a ce rashin iya sarrafa jiki ne. Amma ga shi ko ganewa da ido da kunne ya gagara. Abin da ya ɓace masa shi ne bugun kansa. Metironom yana miƙa maka bugu a tafin hannu, kowane ƙas bugu ne, babu wani sauti a tsakani. Kiɗa na gaske ba haka yake ba. Ganga tana faɗin nata, murya tana faɗin nata, wani sautin ya riga bugu, wani ya biyo baya, wani lokaci ma a daidai inda bugun yake babu sauti ko ɗaya. Mai sauraro ne ke ciro bugun daga cikin wannan cakuɗa, kuma yawancin mutane ba su ma san suna yin wani aiki ba.

Bin bugu hasashe ne

Idan aka ce wa mutum ya danna maɓalli da zarar ya ji ƙara, zai ɗauki kamar milisakan 150 ko fiye (milisakan kashi ɗaya ne bisa dubu na sakan) kafin yatsansa ya sauka. Amma idan yana bin metironom, yatsan yakan riga ƙarar sauka da 'yan gomman milisakan. An daɗe da sanin haka, fiye da shekara ɗari. Mutum ba ya jiran bugu ya zo sannan ya amsa. Yana ƙiyasta lokacin zuwansa, ya tura umarni ga tsoka tun kafin sautin ya fito. Wannan ƙiyasi yana da iyaka: idan tazara ta wuce kamar sakan biyu, hasashen yakan wargaje, mutum ya koma jira da amsawa. Ya fi sauƙi a wajen rabin sakan.

To wane sashe na ƙwaƙwalwa ke wannan ƙiyasi? Da hankali kawai za a bi, sai a ce sashen ji, wanda ke gefen kai daura da kunne. A 2007 Jessica Grahn da Matthew Brett a Kambirij ta Ingila suka sa mutane cikin na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa, suna sauraren jerin sautuka ba tare da motsi ba. Idan jerin yana da bugu bayyananne, sai aiki ya ƙaru a futamen, wani curi da ke can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa a rukunin da ake kira basal gangiliya, da kuma yankin shirya motsi da ke saman kai. Duka biyun sassan motsi ne. Shekara guda bayan haka Joyce Chen da Virginia Penhune da Zatorre, a Montiriyal ɗin dai, suka ga sassan motsi suna tashi ko da ba a gaya wa mai sauraro cewa zai buga komai daga baya ba. Mutum yana kwance shiru, amma sashen da ke tsara motsinsa yana aiki da kiɗan.

Daga irin waɗannan sakamako Aniruddh Patel da John Iversen suka gina ra'ayinsu a 2014: sashen tsara motsi yana kwaikwayon motsi mai maimaituwa a ɓoye, yana aika wa sashen ji saƙo cewa bugu na gaba yanzu zai faɗo, sashen ji kuma yana mayar da rahoton ko an dace ko an goce. Saƙo ne mai kai da komowa, kuma dole ya bi ta wata hanya. Hanyoyin su ne fararen zaruruwan jijiya da ke haɗa sassan ƙwaƙwalwa masu nisa da juna, lulluɓe da wani kitse mai suna mayelin da ke ƙara wa saƙo gudu. Wanda aka fi zargi a wannan aiki shi ne wani damin zaruruwa mai lanƙwasa, akuwet fasikulas, da ya taso daga sashen ji ya yi baka ta saman kunne ya sauka a gaban kai, kusa da wuraren tsara magana da motsi. Tun ƙarni na 19 likitocin jijiya suke danganta yankewar hanyar da ke tsakanin sassan nan biyu da wata larura ta magana, inda mutum ke fahimtar abin da aka faɗa, yana kuma iya magana, amma a ce ya maimaita jimla sai ya kasa. Kamannin da ke tsakanin wannan da lamarin saurayinmu a bayyane yake: ji lafiya, yi lafiya, haɗa su ne matsala.

Akwai shaidar da ta taɓa zaruruwan kai tsaye. A 2016 Tal Blecher da Idan Tal da Michal Ben-Shachar a Isra'ila suka auna yadda mutane ke bin bugu da yatsa, sannan suka duba zaruruwansu da wani nau'in MRI mai bin sawun yadda ruwa ke yaɗuwa a cikin jijiya. Ƙwarewar bin bugu ta tafi tare da yanayin akuwet na hagu, da kuma sashen gadar da ke haɗa ɓarin hagu da na dama a daidai wuraren ji. A 2019 Florencia Assaneo da David Poeppel da abokan aikinsu a Jami'ar New York suka sa mutane suna raɗa gaɓa ɗaya a kai a kai yayin da suke jin jerin gaɓoɓi masu gudun 4.5 a sakan. Ba a ce kowa ya bi gudun ba. Duk da haka mutanen suka rabu gida biyu: wasu bakinsu ya kama gudun da kansa, wasu ko a jikinsu. Gidan farko sun fi samun rinjayen akuwet a ɓarin hagu. A 2018 kuma Jessica Ross da Iversen da Ramesh Balasubramaniam suka yi amfani da maganaɗisu suka rage aikin wani yanki a bayan saman kai ta hagu na ɗan lokaci, yankin da hanyar ji zuwa motsi ke ratsawa. Mutanen suka ragu wajen gane ko ƙarar da aka ɗora a kan kiɗa ta faɗa kan bugu ko ta goce. Wannan ya fi awon hoto ƙarfi, domin an taɓa wurin ne aka ga abin da ya lalace.

Komawa ga saurayin

Ba a bar shi haka ba. A 2014 Caroline Palmer ta Jami'ar McGill, tare da Pascale Lidji da Peretz, suka sake gwada shi, shi da wata mata da aka gano tana da irin larurar, aka kwatanta su da mutum 32. Wannan karon metironom aka yi amfani da shi, abin da a baya aka ce yana iya bi, amma aka sa masa tarko: ana cikin tafiya sai ƙara ɗaya ta riga lokacinta ko ta makara, ko kuma gudun gaba ɗaya ya sauya ba sanarwa. Kowa yakan goce a irin wannan wuri. Bambancin yana wajen dawowa. Sauran mutane cikin 'yan bugu kaɗan sun koma kan layi, su biyun kuwa sai sun daɗe suna lalube. Idan babu sauti ko kaɗan, bugun yatsansu bai bambanta da na kowa ba.

Palmer ta fassara wannan da lissafin abu mai kai da komowa. Kamar mai tura yaro a lilo ne: lilon yana da nasa gudun, mai turawa yana da nasa, kuma tafiyar ba ta daɗi sai hannu ya riƙa samun lilon a daidai lokacin da ya dawo. A cikin kowa akwai irin wannan kai da komowa, sautin waje kuma shi ke turawa. A wajen mutanen nan biyu lilon yana nan, turawar ce ba ta kama shi da ƙarfi. Wannan ya gyara fahimtar farko. Ashe ko da metironom ɗin ba lafiya ƙalau yake ba, sauƙin aikin ne ya rufa masa asiri.

A 2016 Brian Mathias da su Palmer suka manna wa saurayin da matar wayoyin EEG, masu auna wutar ƙwaƙwalwa, a fatar kai, suka kunna jerin kiɗan ganga da ake cire bugu ɗaya jefi-jefi. Ƙwaƙwalwa tana da wata amsa ta gaggawa da take bayarwa idan abin da ta sa rai bai zo ba, cikin kashi ɗaya bisa biyar na sakan ko ƙasa da haka, ko mutum yana mai da hankali ko ba ya yi. Wannan amsa ta fito a wajen saurayin kamar ta kowa. Amsa ta biyu, wadda ke zuwa daga baya kuma take da alaƙa da lura da sanin abin da ya faru, ita ce ba ta tsaya daram a wajensa ba. Da aka tambaye shi ko ya ji an cire bugu, bai kai sauran ganewa ba. Wato sashen jinsa ya san an tsallake wani abu, amma labarin bai isa inda zai yi amfani da shi ba. A wajen matar kuwa amsa ta biyun lafiya take, duk da cewa ita ma bugu yana gagarar ta.

Wannan amsa ta gaggawa, a ɗan ratse, ita ce István Winkler da Henkjan Honing da abokan aikinsu suka gani a 2009 a jarirai 'yan kwana biyu zuwa uku a Hangari, suna barci ana kunna musu kiɗan ganga. Amma yaro yakan kai shekara huɗu ko fiye kafin tafinsa ya fara zama kan bugu sosai. Jin bugu yana riga iya binsa da shekaru, kuma a tsakanin nan zaruruwan da ke haɗa ji da motsi suna ci gaba da nuna.

Inda ya kamata a ja birki

Abu ne mai sauƙi a haɗa waɗannan duka a ce an gano waya ɗaya da ta tsinke a kan saurayin. Ban yarda a yi wannan gaggawar ba. Gwaje-gwajen nan uku da aka yi masa na motsi ne da na ji da na wutar ƙwaƙwalwa. Shaidar zaruruwa daga wasu mutane ta fito, masu lafiya, kuma yawancin irin wannan bincike da mutane ƙalilan ake yinsa. Awon ruwa a cikin jijiya ma ba ƙirga zaruruwa yake yi ba, ƙiyasi ne, kuma yana rikicewa a inda dami biyu suka gitta juna. An taɓa ganin illar haka a 'yar'uwar wannan larura. A 2009 Psyche Loui da Gottfried Schlaug suka ba da rahoton cewa masu kurumtar karin waƙa, wato amusiya, suna da naƙasu a akuwet na dama, har a wasu ba a iya ganin wani reshensa ba. A 2015 wata tawagar ta sake dubawa da mutane fiye da na farko da hanyoyin lissafi daban, ta ga damin yana nan a wajen kowa.

Sannan akuwet ba shi kaɗai ke aikin ba. Masu cutar Parkinson, waɗanda ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin ga basal gangiliya suke mutuwa, sun kasa sauran mutane wajen bambance jerin sautuka masu bugu a binciken Grahn da Brett na 2009. Masu lalacewar sarabelam, ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, akasin haka Manon Grube da abokan aikinta suka gani a 2010 a Nukasil ta Ingila: auna tsawon tazara guda ɗaya ya yi musu wuya, amma abin da ke da bugu bai gagare su ba. Ke nan aƙalla agogo biyu ne a kai, ɗaya yana auna tsawo, ɗaya yana bin maimaici. Abin mamakin shi ne masu Parkinson ɗin nan, da agogon cikinsu ya raunana, bugun waje yana taimakonsu. A binciken Michael Thaut na 1996, bayan mako uku suna atisayen tafiya da kiɗa mai bugu bayyananne, saurin tafiyarsu ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin ɗari. Saurayin Montiriyal yana can ɗaya gefen: tafiyarsa ba ta da matsala, bugun wajen ne ba ya shigarsa.

Dabbobi ma sun sa baki a muhawarar. Patel ya yi hasashe a 2006 cewa sai dabbar da ke koyon sauti ta hanyar kwaikwayo za ta iya bin bugu, domin ita ce ke da hanya mai ƙarfi tsakanin ji da motsi. A 2009 ya nuna wani aku mai tukku, Snowball, yana sauya gudun kaɗa kansa idan an sauya gudun waƙa. Birai kuwa, duk kusancinsu da mutum, a gwaje-gwajen farko na Hugo Merchant a Meziko sun riƙa bugawa ne bayan ƙara ta wuce, kuma akuwet ɗinsu bai kai na mutum isa cikin sashen ji ba. Sai ga Ronan a 2013, wata zakanyar teku, dabbar ruwa mai shayarwa, a Santa Kurus ta Kalifoniya da Peter Cook ya horar, tana bin bugu tsaf alhali danginta ba a san su da kwaikwayon sauti ba. Hasashen bai mutu ba, amma ya rage tsauri.

Game da asalin larurar, saurayin bai ji rauni ba, haka ya taso. Bincike mafi girma a kan gado shi ne na Maria Niarchou da Reyna Gordon da abokan aikinsu a 2022, wanda ya duba mutum 606,825 da aka tambaya ko suna iya tafi daidai da bugun kiɗa. An samu wurare 69 a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da amsar, kowanne da ɗan tasiri ƙanƙani, da yawansu kuma suna aiki ne a ƙwaƙwalwa. Babu ƙwayar gado guda ta bugu. Horo ma yana da rabonsa: Christopher Steele da Penhune sun nuna a 2013 cewa makaɗan da suka fara koyo kafin shekara bakwai sun bambanta da waɗanda suka fara daga baya a wani sashe na gadar da ke haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa biyu, ko da shekarun horonsu ɗaya ne. Amma saurayin ya yi darasi, bai tsinana masa abin a zo a gani ba.

Bayan rahoton 2011 wasu cibiyoyi sun shiga neman irinsa, kuma abin da suka samo bai zo iri ɗaya ba. Jakub Sowiński da Simone Dalla Bella a Folan sun tantance ɗalibai kusan ɗari a 2013, suka samu waɗanda kunnensu ke gane gocewar bugu sarai amma yatsansu ba ya iya hawa kansa. A 2017 Valentin Bégel da Dalla Bella suka kawo rahoton mutum biyu masu akasin haka: a tambaye su ko ƙara tana kan bugu su kasa faɗa, a ce su buga da yatsa su buga daidai. Shi ya sa gwajin da Dalla Bella da abokan aikinsa suka tsara, BAASTA, yake auna ganewa daban, bugawa daban, da metironom da kuma kiɗa na gaske, sannan ya ƙara da sauyin gudu na ba-zata irin wanda ya tona matsalar saurayin a 2014.